Wayar da Na Ja wa Maƙwabcin Kawu

Tun da na dawo ban huta ba. Duk wanda ya shigo shagona, kafin ya faɗi abin da ya lalace a gidansa sai ya tambaye ni yaya ƙasar Larabawa, da gaske ne ba a ɗauke wuta, me suke ci. 'Yan majalisarmu ta bakin masallaci kuwa tuni suka yanke cewa koro ni aka yi. Ba a koro ni ba, amma saura ƙiris, kuma da abin ya faru ba ni kaɗai zai shafa ba. Shi ya sa na ga gara in rubuta shi sau ɗaya kowa ya karanta, bakina ya huta.

Sunana Habu, a Daura Habu Mai Sola ake ce mini. Shekara ashirin ina aikin wuta, a hannu na koya, kuma ba zan ɓoye ba, ina ji da kaina. Kawu Isufu ƙanen mahaifiyata ne, mutumin Damagaram, ya daɗe a Tamanrasset ta ƙasar Aljeriya yana gasa nama. Ya sayi faifan sola da batura da inbata saboda firjinsa na nama, ya ce ba wanda zai taɓa masa su sai ɗan yayarsa. Ya aiko mini da takardar gayyata, na yi ta zirga-zirga har bizar ziyara ta fito. Inna ta ɗaure masa daddawa da kuka a tsumma, ni kuma na zuba kayan aikina a jaka na kama hanya.

Daga Daura zuwa Damagaram ba tafiya ba ce, gida ne. Daga Agadas ne jiki ya fara gaya mini na bar gari. Hanyar Arlit ta karya mini ƙugu, ga wata tsohuwa kusa da ni da ta mai da kafaɗata matashi tun daga tasha, in na motsa ta harare ni. A Arlit na kwana biyu a gidan baƙi ina jiran mota, ɗaki ɗaya mu shida, ruwan wanka a buta. Nan na haɗu da direbanmu Agali, wani Buzu siriri mara son magana, Hausarsa ta fi tawa tsabta in ya ga damar yin ta. Da muka yada zango da rana a sahara ya kwaɓa fulawa, ya tona rami a yashi mai zafi ya binne ta da garwashi. Na ce a raina yau za mu ci ƙasa. Ya tono ta, ya kakkaɓe, ya marmasa a miya. Tagalla sunanta, kuma sau biyu na miƙa kwano.

A Asamaka, garin ƙarshe na Nijar, dariya ta bar ni. Muna jiran a buga mana hatimi sai ga mutane suna shigowa a ƙafa daga wajen iyaka, ba jaka, wasu ba takalmi. Waɗanda takardunsu ba su cika ba ne aka maido. Na ba wani ruwa, ashe magini ne daga wajen Kano, har lokacin da siminti a faratansa, a bakin aiki aka ɗauke shi. Bai zagi kowa ba, ya ce shi ma ya san ba shi da takarda. Na shafa aljihuna na tabbatar fasfo yana nan.

A In Gezam, ɓangaren Aljeriya, na yi abin da hannuna ya saba, na naɗe 'yar takardar kuɗi na sa cikin fasfo. Agali ya gani, ya fizge fasfon ya zare ta ya cusa mini a aljihu, ya ce in ina son kwana a nan to in mayar. Ma'aikacin dowan, wato kwastan, ya zazzage jakata, ya dubi filaya da sukuddireba ya ajiye su gefe, amma da ya kwance tsumman Inna ya kai hanci sai ya ja da baya ya kira abokansa biyu. Sai da Agali ya gutsiri daddawar ya ci a gabansu suka yarda abinci ce. Suka yi dariya, suka ɗaure mini ita da kyau fiye da yadda Inna ta ɗaure, ba wanda ya nemi ko sisi. Daga nan kwalta ce har Tamanrasset.

Garin ya ba ni mamaki. Na zaci wutar Jahannama zan tarar, sai na samu iska mai daɗi, don kan tudu yake, duwatsu sun kewaye shi. Burodi ya fi komai araha, amma ba a jefar da shi. Wanda ya rage sai a sa a leda a rataye a bango, mai dabbobi ya ɗauka. Da azahar gari kan mutu, kowa ya rufe shago sai la'asar. Shayi sau uku ake zubawa, in ka tashi bayan kofin farko ka yi rashin kunya. Abin da ya fi faranta mini shi ne ganin Larabawa da Buzaye sun yi layi a gaban tukubar Kawu, kuma gasasshen naman ma da sunanmu suke kiransa, mainama.

Kawu ya rungume ni, ya zagaya da ni layinsu shago-shago yana cewa ga injiniyan da ya faɗa musu. Kaina ya ƙara girma. Amma da muka zauna ya rage murya ya ce: "Habu, ka ji ni da kyau. Nan ƙasar, arzikin baƙo shi ne kada sunanshi ya shiga littahin jandarma. Shekara ashirin da biyar nawa bai shiga ba. Takardata ta zama da ta shago, sabunta su ake yi, in aka ga tabo shi ke nan." Yana da mata da 'ya'ya biyar da aka haifa a garin, ga ma'aikata huɗu da ke ci a ƙarƙashinsa. Na ce Kawu ai ni waya kawai na zo ɗaurawa.

Wutarsu kuwa, kuran suke ce mata a can, sai da na yi kwana goma sha ɗaya ina jiran a ɗauke ba a ɗauke ba. Har na fara tausayin Kawu da ya sayi batura. Ya ce lokacin iska da ruwa takan tafi na 'yan awoyi, kuma 'yan awoyi sun isa su ɓata naman rago goma. Ranar Juma'a ya kai ni Tit, ƙauyen matarsa, inda ake noman rani a ƙarƙashin dabino. A hanya na ga wani fili shimfiɗe da faifan sola na kamfanin wuta, jere reras, an kewaye shi da waya, na sa aka tsaya na yi ta kallo kamar baƙauye. A Tit surukin Kawu ya nuna mini famfon rijiyarsa mai aiki da rana, sannan ya shiga ɗaki ya fito da takarda a leda, wai shaidar wanda ya haɗa masa ce. Na yi dariya a ciki, na ce mutanen nan har rana sai sun yi mata takarda.

Na gama aikin Kawu cikin kwana huɗu, kuma aiki ne mai kyau, wannan ko gobe zan faɗa. Sai dai akwai maƙwabcinsa, bango ɗaya, wani tsohon tela Balarabe da kowa ke kira Ammi Salah, wato baffa Salah. Kullum da safe sai ya miƙo mini dabino da gaisuwa cikin 'yar Hausar kasuwa da ya tsinta. Yana da ciwon suga, allurarsa tana cikin wani ƙaramin firji a bayan kekensa. Ku kun san yadda muke a gida. Wanda Allah ya hore wa janareta ko sola ba ya kwana da haske maƙwabcinsa na cikin duhu, sai ya ja masa waya ko ta ƙwai ɗaya da fanka ce. Na ga abin kunya ne a ce firjin Kawu uku na aiki, allurar tsoho na lalacewa.

Sai na yi masa irin wayar da na saba yi, mai filogi a kowane baki. Na huda bango na soka baki ɗaya a wajenmu, ɗayan na rataye masa a ƙusa. Na nuna masa da hannu: in wuta ta tafi, ka fara sauke wannan makunnin na jikin mita, sannan ka soka wannan a soket. Na maimaita sau biyu, ya gyaɗa kai yana ta sa mini albarka. Ban gaya wa Kawu ba, don ban ɗauke shi abin faɗa ba. Abin da ban yi tunani ba shi ne, a Daura ko yaron goye ya san a raba layi kafin a tada inji, don kullum cikin yi muke. Ammi Salah kuwa ya kai shekara saba'in bai taɓa taɓa makunnin mitarsa ba.

Bayan mako ɗaya aka liƙa takarda a jikin turken wutar layinmu, Kawu ya karanta mini: ranar Talata za a ɗauke wutar layin daga ƙarfe ɗaya zuwa uku don gyara. Na ce wai har sallama suke yi kafin su ɗauke. Ranar Talata ƙarfe ɗaya daidai ta tafi. Shagunan layin duk a rufe, inbatar Kawu ta karɓa ko ƙiftawa firji bai yi ba. Na fito da kujera bakin ƙofa ina shan shayi, ina kallon ma'aikata uku da suka jingina tsani, ina jin daɗin duniya.

Wanda ya hau, dogo ne mai rawani a ƙarƙashin hular kwano. Ya kai sama, ya miƙa wata sandar gwajin wuta ya taɓa waya, sai na ji abin ya yi ƙara. Ya tsaya cak. Ya sake taɓawa, ya sake yin ƙara. Ya sauko a hankali, ya yi wa abokansa magana, suka fara bin ƙofofi ɗaya bayan ɗaya suna kasa kunne. A lokacin ne na ji ƙarar keken ɗinkin Ammi Salah, mai aiki da wuta, tana fitowa ta ƙofarsa da ya tura bai rufe duka ba. Tsoho ya soka waya bai sauke makunni ba, wutar Kawu ta bi ta mitarsa ta hau layin da aka kashe.

Dogon ya fito daga shagon tela riƙe da wayata. Ya tambaya da Larabci, ya sake da Buzanci, sannan ya dube ni ya ce da Hausa, wa ya yi wannan. Na ce ni ne. Sunansa Gali, mahaifiyarsa 'yar Agadas ce. Bai ɗaga murya ba, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Ya zaro makulli daga aljihu ya nuna mini ya ce: "Ni na kashe layin nan da hannuna, na sa kwaɗo, ga makullin. Doka ta ce duk da haka in gwada kahin in taɓa. Akwai ranakun da nake jin ƙyuyar gwadawa. Yau ban ji ba."

Kawu ya fito yana goge hannu, ya ji abin da ya faru, ya dubi ramin da na huda a bangonsa. Ma'aikatan suka cire haɗin solar suka ɗaure da hatimi, suka ba shi takardar kira zuwa ofis, buro inji su, washegari.

Na shiga ofishin nan ina tuna maginin Asamaka. Wadda ta karɓe mu wata mata ce mai gilashi, Madam Zahra, ita ke kula da masu neman haɗa wutarsu. Gali ne ya yi mana tafinta, mutumin da na kusa kashewa jiya shi ke juya maganata zuwa Larabci, kuma na lura ba ya ƙari ba ya ragi. Ta ce abu biyu take son sani. Na farko, ko sayar wa tela wutar muke yi, don sayar da wuta ba izini laifi ne mai zaman kansa. Na biyu, ko Gali zai kai ƙara, don ransa ne aka sa a haɗari. In ɗaya daga ciki ya tabbata, magana ta bar hannunta ta koma wurin jandarma. Na saci kallon Kawu.

Ni da bakina da ba ya shiru, na ce a gaya mata kyauta na yi, kuma rana ai ta Allah ce, ban ga abin da ya kai hukuma ciki ba. Kawu ya taka mini ƙafa. Ita kuwa ba ta yi fushi ba, ta cire gilashi ta yi mini bayani kamar ɗalibi. Ta ce rana ta Allah ce, ba wanda ya hana ni in yi wutata in sha a cikin gidana. Amma wayar kan titi ta kowa ce. A da, wuta daga tasha ɗaya take fitowa, in sun kashe can sun san ko'ina ya mutu. Yanzu kowane rufin gida na iya zama tasha, kuma su suna son hakan, ƙasar ma can ta dosa. To in ba su san wane rufi ne ke ba da wuta ba, ta yaya za ta tura mutum ya hau turke? Shi ya sa aka ce a sanar, a sa na'urar da ke raba gida da layi da kanta ba sai an dogara da tunanin tsoho ba, kuma mai shaida ya duba. Ta ce dokar ma ba ta gama tsayawa ba, ana ta gyara ta yadda nan gaba mai rarar wuta zai san hanyar da zai bi da ita, amma wannan gaɓar ta ran ma'aikaci ba za ta canja ba.

Shekara ashirin ina wannan sana'a, ba wanda ya taɓa zaunar da ni ya gaya mini haka. Na ji kunya, kuma na ji matar ta burge ni ƙwarai. A gida in an ce doka, abin da ke zuwa mana a rai shi ne wanda zai zo ya yanke waya a ba shi na goro ya mayar. Ban taɓa kawo wa raina cewa akwai dokar da aka rubuta don wani ya koma gida wurin iyalinsa ba.

Muna nan sai ga Ammi Salah ya shigo da farar jallabiyarsa ta Juma'a, ba wanda ya kira shi. Ya rantse ko dinari ɗaya ba a karɓa a hannunsa ba, ya ce an nuna masa makunni shi ne ya manta, in za a rubuta sunan wani a rubuta nasa. Madam Zahra ta rubuta maganarsa, batun sayar da wuta ya wuce. Ta juya ga Gali. Ya ce ba zai amsa yau ba, zuciyarsa ba ta sauka ba tukuna. In an gyara haɗin yadda doka ta ce, zai zo ya gwada da kansa, ran nan zai faɗi abin da ya yanke.

Kwana tara muka yi a haka. Kawu ya biya tara, ya cika takardu, aka turo wani mai shaidar aiki da na girma da shekara goma sha biyar. Ni injiniyan Daura na koma mai riƙe masa tsani, kuma ban yi girman kai ba, na buɗe ido na koyi yadda ake ɗaura na'urar rabawar. Ya duba aikina na faifai da batura ya ce ba abin gyarawa, amma ban iya jin daɗin yabon ba. Ammi Salah ma aka sa masa ɗan batir nasa na firji, ba ruwansa da layi. Duk kwanakin nan Kawu bai yi mini magana ba. Za a kawo abinci mu ci kwano ɗaya, ya wanke hannu ya tashi. Matarsa ta gaya mini ya fara tambayar kuɗin motar Agadas na mutum bakwai.

Ranar gwaji aka kashe layin, aka tada inbatar Kawu, firji uku na aiki. Gali ya hau, ya miƙa sanda, shiru. Ya sake, shiru. Ya gwada na uku, sannan ya haɗa layin da wayar ƙasa don kariya kamar yadda suke yi, ya gama gyaran da na hana shi. Da ya sauko ya karɓi takarda a hannun abokinsa ya sa hannu, ya ce wa Kawu ba zai kai ƙara ba, sunansa na nan yadda yake. Kawu ya riƙe hannunsa da hannu biyu. Ni kuwa na nemi gafararsa, ya ce ya yafe, amma ya roƙe ni kada in sake taɓa waya a garin. Na ga ya yi mini adalci.

Ranar da zan taso, ina ɗaure jaka, Kawu ya shigo riƙe da wayar nan, an datse mata baki ɗaya. Ya jefa ta cikin kayana. Maganarsa ta farko ke nan a gare ni tun ranar Talatar.

"Irin wannan nawa ka yi wa mutane can gida?"

Na ce ban sani ba, Kawu, suna da yawa.

"Can ma mutane ne ke hawa turke," ya ce. "Ka tahi ka nemo su."

Wata uku ke nan da dawowata. Na bi gidajen da na tuna na karɓo goma sha huɗu, na sa musu abin rabawa, wasu sun gode, wasu sun ce Larabawa sun juya mini kai. Amma akwai guda ɗaya da na yi wa wani mutum ranar kasuwa, shekara uku da suka wuce. Ya tsaya a kan babur, na haɗa masa ita a tsaye, ya sa a aljihu ya tafi. Ban tambayi sunansa ba, ban san garinsu ba.